Shaidar Rumasa'u a Kan Mijinta

Ni dai har yau ban gane kan wasan nan ba. Ƙanena Talal ya tafi Amurka karatun injiniya, sai ga hotonsa da hular kwano, wai jami'a ta ga faɗin ƙirjinsa ta sa shi ƙwallon nan nasu da ake gwara kai kamar raguna. Ya sha suma a fili, a yayyafa masa ruwa ya tashi ya koma. Da yana ba mu labari dariya muke yi. Ya dawo Makka, ya yi aure, ya kama aiki, muka manta.

Sai da ya haura arba'in abin ya fara. Ya ajiye mota a unguwar Shisha ya dawo gidansa da ke Zahir a tasi, yana rantsuwa an sace ta. Mun kai shi ruƙiyya, mun kai shi asibiti, kowa da tasa maganar. Aikin ma ya kuɓuce. Ana cikin haka wata lauya daga can Amurka ta nemo shi, ta ce tsofaffin 'yan wasa irinsa sun kai ƙara, don karon nan yana cin ƙwaƙwalwa a hankali. In aka shigar da shi, za a ɗauki nauyin jinyarsa. Abin da take nema shi ne shaidar wanda yake zaune da shi, wato matarsa Rumasa'u.

Bayan la'asar muka zauna a falo gaban kwamfuta, lauyar tana magana ta bidiyo. Majid, ɗan kawunmu mai aiki a otal, shi ne tafinta. Rumasa'u ta gyara mijinta tsaf, farar jallabiya, turare, sai ka ce ango.

Lauyar ta tambayi yadda yake a gida.

"Alhamdu lillahi, lafiya lau," in ji Rumasa'u.

Yana mantuwa?

"Kowa ma ai yana mantuwa."

Yana yawan fushi?

"Abu Nuf? Ba ruwansa wallahi." Haka take kiransa, wato baban 'yarsu Nuf.

Lauyar ta cire tabarau ta ƙura mana ido, sannan ta yi wata doguwar magana. Majid ya juyo gare ni. "Yaya Kabira, ta ce ita fa ba ta gane ba. Ya'ani, in lafiyarsa lau, ba shi da ƙara."

Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan yi wa faɗa. Yarinyar nan tun tana ƙarama aka koya mata ba a tona asirin miji, balle ga baƙuwa, balle a gaban idonsa. Ni ma in aka tambaye ni a gidan biki, lafiya lau nake cewa. Yanzu kuma wai sai an tona kafin a yi magani. Wane irin tsari ne wannan?

Na ce ni zan faɗa. Lauyar ta ce sai dai mai kwana gida ɗaya da shi. Na ce to shi Talal ya fita, aka ce babu laifi.

"Ba inda za ni," in ji Talal. "Wace ce ma wannan matar?"

Majid ya sake yi masa bayani daga farko. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya dubi matarsa.

"To, tayyib. Ki faɗa mata, Ummu Nuf. Ni ma ina so in ji. Kullum na tambaye ki sai ki ce ba komai."

Rumasa'u ta sunkuyar da kai ta fara, muryarta can ƙasa. Ya ɓata a Hindawiyya, unguwar da aka haife shi, sai wani mai kanti ne ya kawo shi. Yana tsayawa tsakiyar salla ya rasa inda yake. Ta ɓoye wuƙaƙen gidan a saman kabad. Duk ban sani ba, ni da nake zuwa gidan kusan kullum.

"Hannun Nuf kuma," ta ce, tana nufin 'yarsu, "ba a matakalar makaranta ya karye ba. Ya same ta a kicin bai gane ta ba, ya ɗauka wata ce ta shigo mana. Sai ya tura ta."

Majid bai fassara ba. Ni kuwa ni ce na je har makarantar na zazzage wa shugabarsu masifa.

"Ni?" in ji Talal.

Sai ya juya ga tafinta.

"Majid, fassara mata," ya ce. "Kada ka rage komai."

Majid ya fassara. Lauyar ta ce wannan ya isa, za ta shigar da shi. Ban san ko murna ya kamata in yi ba. Rumasa'u tana kuka, tana ba mijinta haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Talal ya miƙe ya nufi ɗakin Nuf, idanunsa cike da hawaye. Na bi bayansa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya tsaya. Ya dubi ƙofar, ya shafa fuskarsa, ya dubi danshin da ke tafinsa.

"Yaya," ya ce, "me na zo yi nan?"