Lambobi Uku a Shafin Farko

A layin rumfunan littattafai da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a Iskandariyya, kowa da hajarsa. Ammu Ramzi, wato Kawu Ramzi, labaran 'yan leƙen asirin Turai ya sa a gaba, waɗanda aka fassara da Larabci, kuma shekara talatin da ɗoriya bai canja ba. Tsoho ne mai tsiya. Ba ya sayar maka abin da ka zo nema, sai abin da shi ya ga ya dace da kai, in ka musa ya ce ka ƙara gaba, akwai masu littafin girki.

Yana da wata ɗabi'a. Duk littafin da ya karanta sai ya rubuta lambobi uku da fensir a shafin farko: shafin da labarin ya kama shi, shafin da ya gano maci amanar, da shafin da marubucin ya fara surutun banza. Masu saye sukan yi gasa da shi a kan lamba ta biyu. Mutum ɗaya ne ya taɓa riga shi, wato Ustaz Wagdi, malamin sakandare, wanda yanzu watansa takwas a tsare saboda wasu layuka da ya rubuta a intanet.

Ranar wata Asabar matar Wagdi, Sawsan, ta tsaya a gaban rumfar. Ta rame ƙwarai.

"Ammu, an yarda a kai masa littafi ɗaya a wata. Ya ce in zo wurinka, kar in saurari kowa. Lauya kuma yana sa ran za a sake shi a zaman shari'ar da za a yi ƙarshen wata."

Hajji Mitwalli na rumfar kusa ya leƙo. "Madam, zo ki ɗauki littafin addu'o'i. Wannan tsohon abin da zai hana bawan Allah barci zai ba ki."

"Kai dai ji da ƙurar rumfarka," in ji Ramzi. "Mutumin da bai taɓa karanta abin da yake sayarwa ba."

Daɗi ya cika Ramzi, ba ƙarya. Ana tsare da mutum amma bai manta da ɗanɗanon Ramzi ba! Ya ɗauko wannan ya mayar, ya ce tsawo ya yi yawa. Ya ɗauko wancan ya ce an kashe mutum a kurkuku a ciki, bai dace ba. Can ya tsaya a kan wani sabo, labarin wata tafinta a wata ma'aikata ta ƙasar sanyi, da tsohon jami'in da aka sa ya gano mai fitar da asirin gwamnati. Masu fitar da asirin a cikin labarin da lambobin shafukan littafi suke aika wa juna saƙo. Ramzi ya san haka sarai, shi ya karanta. Bai kawo komai a ransa ba.

"Ki ce masa in ya riga ni gano mutumin, shayinsa na shekara a wuyana yake."

Sawsan ta yi ɗan murmushi ta sa littafin a jaka, kusa da gwangwanin cuku da za ta kai masa.

Bayan kwana goma sha biyar ta dawo, ko sallama ba ta yi ba. Ta zauna a kan tarin tsofaffin mujallu.

"Arba'in da ɗaya, ɗari da tamanin da takwas, ɗari biyu da sittin. Mene ne su, Ammu?"

Ya fara yi mata bayani yana dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

Ta faɗa masa abin da ya faru. Masu binciken kaya a ƙofar kurkukun sun ga lambobin, wani daga cikinsu ya karanta littafin, ya ga yadda ake aika saƙo a ciki. Sun ce saƙo ne aka shigo da shi. An hana ziyara, an ware Wagdi a ɗaki shi kaɗai, kuma maganar sakinsa a zaman ranar Alhamis ta shiga ruwa.

"Lauya ya ce hanya ɗaya ce. Wanda ya rubuta ya zo da kansa gaban mai gabatar da ƙara, da wasu littattafan masu irin rubutun, ya ce aikinsa ne tun da daɗewa. Ni ban faɗi sunanka ba. Wagdi ma bai faɗa ba, duk tambayar da suka yi masa."

"Haba 'yata, har sai kin roƙa? Zan je mana! Ƙarfe nawa?"

"Bakwai na safe ranar Alhamis, tashar ƙananan motoci. Zan riƙe maka kujera."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, wannan kam a ba shi. Tana tafiya ya hau zaɓen littattafai, ya tara goma masu lambobinsa, har da wanda fensirin ya dushe don tsufa, ya ɗaure su da igiya.

Mitwalli ya matso, ya rage murya, ba wasa a fuskarsa. "Ramzi, ni ba hana ka nake ba. Amma ka san wurin nan. Shaida yakan shiga da ƙafarsa, fitowa kuma sai yadda suka ga dama. Za ka ajiye musu littafi goma duk na leƙen asiri, duk da lambobi. Kana ganin su za su ce tsohon nan gasar shayi yake?"

"Rufe min baki, mai baƙar aniya."

Mitwalli ya rufe bakin, amma maganar ta riga ta shiga. Kwana huɗu tana cin Ramzi. Ya tuna allurar ciwon sugarsa da sai an ajiye ta a firji. Ya tuna shekarunsa sittin da tara, da gwiwar da ba ta yarda ya zauna a ƙasa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san irin mutanen nan. Ya karanta ɗaruruwansu, masu alkawari da rana su janye da safe, kuma bai taɓa tausaya wa ko ɗaya ba. Yakan ce wa masu saye marubucin ya yi musu sassauci da yawa.

Ranar Alhamis ya tashi da wuri. Ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya zuba allurai na kwana uku a aljihu. Bakwai saura kwata yana tsallaken titi, daura da tashar, ɗaurin littattafan a hannunsa. Ya hango motar, ya hango Sawsan a jikin taga, ta ɗora jakarta a kujerar da ke kusa da ita.

Ya ce bari motocin nan su wuce tukuna. Suka wuce. Ya ce bari wancan taragon jirgin cikin gari ma ya wuce. Shi ma ya wuce, titi ya zama fayau, Ramzi yana nan tsaye kusa da mai sayar da dafaffen wake, igiyar ɗaurin tana yanka masa yatsu. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa, kuma ya san sunansa.

Motar ta cika saura kujera ɗaya. Direba ya leƙa baya, muryarsa har tsallaken titi.

"Madam, mutumin naki yana zuwa ko in sa wani? Jama'a na sauri!"

Sawsan ta juya ta duba titi, idonta ya sauka a kan Ramzi. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira shi ba. Ta dube shi har ta tabbatar ya san ta gan shi. Sannan ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya.

"Sa wani," in ji ta.