Ranar da Na Ɓuya a Gonar Gero

Lokotoro bai yi mini kwana-kwana ba. Ya duba takardar awon jinina, ya dubi tumbina, ya ce, "Alhaji Sha'ibu, ciwon sukari ne. Awa guda kowace safiya, da ƙafa. In ka ƙi, ka dai san yadda aka yi da yayanka."

Na sani mana. Yaya Maman Lawali yana can Tibiri a kan tabarma, an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa shekara biyu da suka wuce, kuma wannan ciwon ne ya ci ta. Da na je na gaya masa, sai ya kama hannuna ya matse. Ya ce, "Ni ma haka aka ce mini, na ce ai ina da mota. Yi tafiyarka, Sha'ibu. Kada ka tsaya wa kowa."

Faɗar ba wuya! Shi bai san unguwarmu ta Zariya a nan Maraɗi da safe ba. Ranar farko na fito da kuzarina, ko taki ashirin ban yi ba aka yi mini sallama. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, ina ƙafar Maman Lawali. Kafin in saki hannun wannan, wani ya miƙo nasa. Awa ta cika ban wuce masallaci na biyu ba. Na dawo gida bakina ya gaji, ƙafafuna kuwa ko ɗumi ba su yi ba.

Ga shi shekarar ce aka karya darajar kuɗinmu na sefa, 'yan kasuwa suna ta durƙushewa. Mai shagon atamfa kamata, da mota a gida, a gan shi yana taka ƙasa da safe? Ai shi ke nan, Alhaji ya karye. Wata maƙwabciya har tiya biyu ta gero ta aiko wa iyalina, wai a rage zafi. Sannan ga siyasa ta shiga kan kowa, kowace kusurwa da rumfar jam'iyya. In na tsaya a rumfar waɗannan, gobe a ce na koma wurinsu. In na wuce ta waɗancan da sauri, a ce ina gaba da su. Haba jama'a! Ƙafata nake ceto, ina ruwana da tutar kowa?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Jibo. Masinja ne a wani ofishin gwamnati, magidanci da furfurarsa, albashi ya daina zuwa sai ya koma kabu-kabu da babur. Mutumin kirki ne, wallahi, kuma kirkin nasa ne ya addabe ni. Kullum sai ya biyo ni a hankali, yana jan ƙafa a ƙasa.

"Alhaji, hau in kai ka. Ba sai ka ba da komai ba."

"Jibo, ba wurin da za ni."

"To hau in mai da kai gida."

Na yi masa bayanin lokotoro ya fi sau goma. Sai ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya ba da lafiya, gobe kuma ga shi.

Cikin wata guda na fasa fita sau tara. Yatsun ƙafata ta hagu suka fara yi mini wani irin sanyi, kamar ba nawa ba. Tsoro ya kama ni sosai, ban gaya wa kowa ba, sai faɗa da nake yi da duk wanda ya gifta.

'Yata Raihanatu ce ta gane. Tana jami'a a Yamai, amma yajin karatu ya cinye musu shekarar, tana gida ba abin yi. Ta sa aka sayo mata 'yar na'urar kaset daga Katsina, wadda ake sawa a aljihu, mai igiya zuwa kunne. Ta zauna a ɗaki tana karanta wani littafi da ƙarfi tana ɗauka a kaset. Ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, ban taɓa gama littafin boko ba a rayuwata.

Ta ce, "Baba, ka sa wannan ka dubi gabanka. Wanda ba ka ji ba, ba ka ƙi amsa masa ba."

Labarin wani tela ne da aka sace wa keken ɗinki, yake bin sawunsa gari gari. Kai! Ban san haka littafi yake kama mutum ba. Sharaɗin Raihanatu ɗaya ne: ba a sauraro a zaune, in na shigo gida sai ta karɓe na'urar. Sai ga ni ina ɗokin gari ya waye don in ji ko telan ya kama ɓarawon. Mako uku ban fasa ko rana ɗaya ba, yatsuna suka fara dawowa.

Amma Maraɗi ba ta barin mutum. Yanzu kuma ba karyewa na yi ba, girman kai ne. Wai ana yi mini sallama ina wucewa da igiya a kunne kamar ɗan lakwal, yaron makarantar boko. Limamin unguwa ya tare ni bayan la'asar, ya tuna mini cewa amsa sallama wajibi ne. Na ce, "Malam, na sani, amma ƙafar fa?" Ya ce ƙafa daban, haƙƙin Musulmi daban. Masu ƙarfin hali kuma suka koyi shan gabana, su tsaya ƙiƙam sai na zare igiyar. Kafin mu gama gaisawa kaset ya yi nisa, in mai da shi baya, pil, wato batir, ya ƙare a banza.

Da abin ya ishe ni sai na canza dabara. In an sallame asuba, gari ya ɗan yi haske, sai in ja motata in fita hanyar Jiratawa, in ajiye ta ƙarƙashin wani gawo, in bi 'yar hanyar gonaki. Ban gaya wa kowa wurin ba, ko Raihanatu. Damina ce, gero ya fi ni tsawo, daga ni sai telana.

Ranar wata Talata ina kan kaset na ƙarshe. Telan ya iso wata kasuwa, ya ji ƙarar keke a bayan wani zana, ya gane ƙarar nasa ce. Daidai nan na hangi babur yana tahowa, yana tsalle a kan kunyoyi. Jar hular Jibo ce. Ashe motar ya gani a bakin hanya.

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Har nan? Har cikin gonar mutane? Na ce yau dai ba zan yi bayanin lokotoro ba. Na tattare babbar rigata na faɗa cikin gero na tsuguna, ni Alhaji Sha'ibu, mai shekara hamsin da shida. Ya wuce yana ta oda. Ta bayan muryar Raihanatu na ji yana kwala mini kira, "Alhaji! Alhaji Sha'ibu!" Sai na ƙara ƙarar kaset. Ya dawo ya sake wucewa, ina nan tsugune ina murmushi, wai na yi nasara.

Da ya tafi na fito na ci gaba. Na juya kaset, na yi tafiyar da ban taɓa yi ba, wajen awa biyu da rabi, sai da telan ya ɗora kekensa a ka. Hadari yana haɗowa daga gabas lokacin da na koma wurin mota.

Jibo yana zaune a gindin gawon. Ya miƙe, bai gaishe ni ba.

"Alhaji, Maman Lawali ya rasu da asuba. Tun ƙarfe bakwai aka aiko daga Tibiri. Ni Raihanatu ta roƙa in nemo ka."

Ban san yadda na tuƙa motar nan ba. Muna shiga Tibiri ruwa ya sauko, muka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, suna sauri, riguna a ka. Sun jira ni har hantsi. Da suka ga hadari, liman ya ce ba za a bar kabari ya cika da ruwa ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya goya ni, shi ya koya mini awon yadi, kuma ban sallace shi ba, ban zuba masa ƙasa ko tafi ɗaya ba. Kowa ya zo gaisuwa sai ya tambaya ina na shiga. Me zan ce? Ina cikin gero ina ɓuya? Jibo dai bai faɗa wa kowa ba, alhali ya ga sawuna inda na ratse.

Ranar addu'ar uku na yanke shawara na bar tafiyar nan, ƙafar ta yi abin da za ta yi. Ina shirin komawa Maraɗi sai matarsa, Yaya Safiyatu, ta aiko in shiga. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta turo mini wani ƙunshi a leda.

"Tun watan jiya ya ce in ya riga ka, a ba ka wannan."

Na buɗe. Takalmansa ne na fata, waɗanda ya saya ana saura mako guda a kai shi asibiti. Na hagu ya cinye, dunduniyarsa ta lotse, an yi masa ɗinki biyu. Na dama kuwa sabo fil, ko ƙura bai taɓa gani ba.

Ta ce, "Kullum da safe sai ya tambaya, ko Sha'ibu ya fita yau? In aka ce ka fita, sai ya ce alhamdu lillahi, a ba shi kununsa."

Nan na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari.

Washegari na fita daga ƙofar gidana a Zariya, ba mota, ba ɓuya. Igiya ɗaya na sa a kunne, ɗaya kunnen na bar shi a buɗe. Mutum na farko ya yi mini sallama da gaisuwar rashi, ya miƙo hannu. Na kama hannun ban tsaya ba, na ja shi muka ci gaba tare.

Na ce, "Na amsa, Allah ya ba da lada. Amma in gaisuwar da saura, sai dai ka taka."