Iskar Mushe Zaidu

Nasiba ta riƙe wa mijinta Mushe Zaidu riga, Lokotoro Habibu ya ɗora abin saurare a kan cikin da ya kumbura kamar ƙwarya a kife. Ya daɗe yana saurare, sannan ya girgiza kai.

"Zuciya lafiya lau, aikin da aka yi a Yamai ya yi kyau," in ji shi. "Hanji ne ya yi barci, yakan faru bayan irin wannan aiki. In Mushe bai saki iska ba kafin la'asar, mota za ta mayar da shi Yamai, wataƙila a sake buɗe shi."

Nasiba ta dubi ƙirjin mijinta. Ɗinkin ƙirjin ma bai gama kamewa ba, a ce wata wuƙar kuma? Shi kuwa Mushe Zaidu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, wanda rabin garin Filingue suka ɗanɗani bulalarsa, sai ya kau da kai bango. Wannan Habibun, Mushe ya taɓa sa shi durƙuso a rana saboda tusa a aji, yau ga Habibun yana roƙonsa ita.

Abin haushi, ran kasuwa ne. Duk wanda ya sauko daga motar Damana ko Sanam sai ya biyo dubiya, wannan da ƙwan zabi, wancan da furar da aka hana majinyaci sha. Ɗaki ya cika maƙil. A gindin gado kuwa Inna Ummul, mahaifiyar Nasiba, ta baje tabarma tana jan tazbaha, ta rantse ba ta motsawa sai surukinta ya samu sauƙi.

Bayan azahar Zaidu ya yafito matarsa, zufa na keto masa.

"Iskar ta zo," ya raɗa mata. "Na mayar da ita."

"Ka mi? Malam, kai da hankalinka!"

"Gaban Inna? Gara a yanka ni."

"Ai ko yanka ka za a yi! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya rufe ido abinsa. Nasiba ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Korar masu dubiya ba ta yiwuwa, sai garin ya ɗauka. Ta tuna Lokotoro ya ce tafiya na tayar da hanji, sai ta kama shi suka fita, wai su zaga bayan asibiti inda ba kowa. Ina! Mushe ya miƙe, wa zai zauna? Jama'a suka ɗungumo bayansu suna "Sannu, Mushe, a hankali," Inna Ummul a gaba da sandarta. Suka zaga suka dawo, ciki na nan yadda yake, direba kuma har ya tayar da mota a bakin ƙofa.

Nasiba ta durƙusa kusa da uwarta, ta yi mata magana a kunne, hawaye na zubo mata. Tsohuwa ta dubi surukinta, ta dubi jama'a, ta ɗaga murya.

"Ke, daina wahal da bakinki. Kunnuwan nan nawa sun mutu tun bara, ko aradu ta faɗo ban jin ta. Ku kuma maza, ba ku ji kiran salla ba? Ku tashi!"

Ba wanda ya tsaya tambayar yadda kurma ta ji kiran salla. Ɗaki ya watse, ta juya wa gado baya, ta ci gaba da tazbaharta.

Zaidu ya dubi ƙeyar tsohuwa, ya dubi Nasiba, ya yi bisimilla. Abin ya zo da tsawo, da ƙara kamar an yage sabon yadi, har ma'aikaciyar da ke wucewa ta tsaya cak.

Kafin Nasiba ta buɗe baki, Inna Ummul ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ba ta yi ba tun ranar auren 'yarta. Masu alwala suka sheƙo a guje. Lokotoro Habibu ya shigo yana dariya, ya taɓa cikin, ya ce, "Mushe, yau ba durƙuso."

Nasiba ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye, daɗi ya cika ta. Zaidu ya ja mayafi ya rufe fuska ruf. Daga ƙarƙashinsa muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa.

"A ce wa direba ya kashe motar. A gai da Inna kuma, a ce Allah ya ƙara lafiyar kunne."