Saƙon 'Yar Fari

Malam Kalilu, dillalin shanu a Sandamu, bai taɓa kiran sunan Firdausi ba. 'Yar fari ce. In yana nemanta sai ya ce, "Ina waccan?" Ita ma ba ta haɗa ido da shi.

Da fitsari ya fara yi masa gardama, aka kai shi asibiti a Katsina. Likita ya bi ta dubura da allura, a lalube, ya tsakuro nama daga ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara. Sakamako ya ce babu sankara. Aka yanka rago, aka raba waina sadaka. Tsohon kuwa ya sha zazzaɓi, ya rantse ba mai ƙara kwance masa wando.

Firdausi ma'aikaciyar jinya ce, hankalinta bai kwanta ba. Ta san allurar lalube takan wuce ciwon ta ɗebo lafiyayyen nama. Ta kuma san a Kano yanzu hoto ake fara ɗauka, a ga inda ciwon ya laɓe, sannan a saita allura ta bi ta fata, ba ta dubura ba. Amma da wane baki za ta yi wa Baba wannan bayani? Ko a mafarki!

Sai ta gaya wa Inna. Inna ta sunkuyar da kai, ta kai wa Audi, ƙanen Malam Kalilu, rabin zancen. Baffa Audi, gwanin sakaya magana, ya same shi a zaure.

"Yaya, yarinyar nan ta ce ko za ka ƙara leƙa asibiti."

"Su maimaita mini wancan? Ai sun ce lafiya lau. A gaishe ta."

Haka kunya ta cinye saƙon a hanya, Firdausi ta karɓi gaisuwa, ba ta sake tada zancen ba.

Kafin wata damina ta zagayo, ciwon ya shiga ƙashin baya. Da aka kai shi Kano, hoton ya nuna komai ƙarara, sai dai an makara.

A gida, ita ce mai canza masa robar fitsari, don ba wanda ya iya. Wata safiya tana durƙushe a kansa, ya ce, "Firdausi."

Hannunta ya tsaya. Zuciyarta ta karye, don ta san ganin ajali ya matso ne ya kawar da kunyar.

"Audi ya ce tun bara kin san da wannan hoton."

"Na sani, Baba."

"Da daga bakinki na ji, 'yata, da na je."