Yarinyar da ba ta ƙoshi

Shekara bakwai ke nan ana ganin laifina a kan cikin 'yata. A asibiti nas za ta ɗora ta a sikeli, sannan ta dube ni sama da ƙasa. Malamar ajinsu ta rubuto wai in rage mata kayan zaƙi. Wane kayan zaƙi? Firij ɗinmu da kwaɗo yake, makullin kuma a wuyana, ko wanka zan shiga ba na cire shi.

Surukata ta fi kowa zaƙewa. Ta ce ni na sangarta mata jika, don haka ranar Asabar za ta zo ta tafi da ita, sai ta gyara ta za ta dawo da ita. Mijina bai hana ba. Shi dama a gaban uwarsa bakinsa mutuwa yake yi.

Na san gyaran gidansu. Rabin faranti ake ba yaro, in ya ce bai ƙoshi ba a zane shi, wai ƙarya yake. Ni ma, Allah ya yafe mini, na gwada, kuma ba sau ɗaya ba.

Ranar Alhamis sakamakon gwajin da muka daɗe muna jira ya fito. Likita ta juyo mini da takardar.

"Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ke sanar da mutum cikinsa ya cika," in ji ta. "Ƙwayar halittar da ke sa jiki ya yi shi, ta 'yarki ba ta aiki. Daga wajenki da wajen babanta ta gado. Ko tukunya guda ta cinye, saƙon ba zai isa ba. Akwai allurar da ke taimakawa, za mu nema mata."

Ranar Asabar surukata ta shigo da jakar da za a zuba kayan yarinyar. Na miƙa mata takardar, ko kallonta ba ta yi ba.

"Likitocin yanzu, kwaɗayi ma sai sun raɗa masa suna. Ba ni ita wata ɗaya ki gani."

"Mama, ba inda za ta."

"Ni kike faɗa wa haka, a gidan ɗana?"

Sai ga yarinyar ta fito daga bayan labule, takalmanta a hannu.

"Umma, ku daina faɗa, zan bi Kaka. Ba za ta dake ni ba. Zan ce na ƙoshi, ai na iya faɗa."

Na ɗauki jakar na ajiye ta a waje, na tsaya a bakin ƙofa har surukata ta fita. Na san a hannuna yarinyar nan ta koyi faɗin haka.