Ƙwaya Ɗaya a Wata Takwas

Ina riƙe da numfashi na ɗago ƙwayar da tsinin allura, na ɗora ta a kan gilashi. Shunayya ce, ba ta kai rabin ƙwayar riɗi ba. Wata takwas ina dafa sinadaran asenik mai guba da kobalt a murhun lantarki, wuta tana ɗaukewa ina sake sabon lale, kafin wannan kiristal ɗin asenet ɗaya tak ta fito sumul, babu tsaga. Sai an haska ta da na'urar eksire, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, za a ga yadda ƙwayoyin zarrarta suka jeru, kuma a kan wannan jerin digirina na uku ya rataya. Ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar. Dakta Kure, malamina, zai tafi da ita Afirka ta Kudu a jirgin ƙarfe huɗu, yana ma waje cikin mota yana ta danna hon.

Nan fa ni, Uthman Yelwa, mai digiri biyu a kimiyya, na tuna Hajiyarmu ba ta taɓa sallamar matafiyi ba tare da addu'a ba. Na karanta, na tofa wa ƙwayar. Da na duba gilashin, wayam.

Na durƙusa ina rarrafe da fitilar waya, ga ƙurar wata takwas a ƙasa, don ni da kaina na hana Justina mai shara shigowa da tsintsiya. Har lacca na yi mata a kan guba, da Turanci, wai don ta gane girman aikin. Yanzu ga ta a bakin ƙofa tana kallon masanin yana shinshinar siminti. Kunya kamar in nutse.

Na ɗago in roƙe ta, sai ta ƙura mini ido.

"Oga, kar ka lashe baki. Abun naka yana kan gemu."

Na daskare. Ta sa safar hannu, ta karɓi allurar, ta ciro ƙwayar daga gashin da ke ƙasan leɓena, ta saka a kwalba. Na duba a madubin ƙara girma, lafiyarta ƙalau.

Daɗi ya cika ni, na buɗe baki zan yi hamdala. Justina ta rufe kwalbar da sauri, ta kai ta bayanta.

"Oga, wannan karon yi shi a zuciya."