Shirun Doguwa

Sista tana tura keken magani zuwa gadon ƙarshe ta hango Doguwa durƙushe gaban tsohon nan mai ciwon suga, tana nuna wa sababbin nas biyu yadda ake laluben jijiya a hannun da ya kumbura. A hankali take magana, har da murmushi. Sista ta tsaya cak.

Ita ce shugabar ɗakin maza, kuma daɗewa a aikin ta koya mata cewa nas mai shirin tafiya ba ta faɗa, amma ana ganewa. Da farko sai ta daina ƙorafi. A ɗora mata aikin mutum uku, ta ce to. Ɗan'uwan majinyaci ya zage ta tas, ta ba shi haƙuri. Daga nan sai ta fara raba gwanintarta kamar mai rabon gado tun da ranta. Haka duk waɗanda suka gudu suka yi. Yanzu suna ƙasashe daban-daban, suna bugo waya suna kukan cewa can ma hannu ya yi kaɗan, baya na ciwo, su kansu 'yan ƙasar ajiye aikin suke yi. Kuka dai suke yi, amma ko ɗaya ba ta dawo ba.

To, ga Doguwa, wadda kan tsare likita a tsakar ɗaki ta wanke shi a kan maganin da ya manta bai rubuta ba, kwanan nan ta yi laushi. Kuma ita ce ƙashin bayan ɗakin. In ta tafi, Sista ta san ɗakin zai zauna ne a kan kafaɗarta ita kaɗai, kafaɗar kuwa ta gaji.

Sai ta gwada ta. Ta ƙara mata gadaje biyu na masu wankin ciwo, ta ce yau ba hutun rana. Ta tsaya tana jiran tsiya, har tana roƙon Allah a yi mata ita.

"To, Sista," in ji Doguwa, ta ɗauki tiren almakashi ta wuce.

Can kuma Sista ta gan ta a lungun tukwanen iskar numfashi, ta juya baya, waya a kunne, tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta ji takun takalmi sai ta kashe ta cusa a aljihu. Sista ta wuce kamar ba ta gani ba, amma ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita ta raini yarinyar nan tun ba ta iya riƙe sirinji ba.

A ɗaya gefen kuwa nas ɗin da ake kira Rediyo tana ta watsa shirye-shiryenta. Ba banza aka sa mata sunan ba. Safar hannu ta ƙare, famfo ba ruwa, ƙafarta ta kumbura, wannan ba aiki ba ne bauta ce, ita kam ta kusa barin musu kayansu. Shekara da shekaru tana kusa, ba ta taɓa isa ba. Yau ne karon farko da Sista ta ji surutun ya yi mata daɗi a kunne.

Da rana Matiron, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, ta kira ta ofis. Kujerar mataimakiya da Sista ta daɗe tana naci a kai ta samu, amma yanzu ake son suna, domin hukumar asibiti za ta zauna kafin a tashi. Kowa ya san Sista ta yi wa Doguwa alkawarin kujerar tun bara. Sai dai Sista ta tuna mataimakiyarta ta baya, wadda ta karɓi muƙamin, ta yi ado da shi wajen neman aiki a waje, ta bar ta da baki buɗe. Ba za a sake mayar da ita tsani ba. Ta ce a sa Rediyo.

Matiron ta sauke tabarau ta tambaye ta ko ta tabbata. Sista ta ce ita dai wannan ta san tana nan.

Da yamma, bayan an miƙa aiki, ta tarar da Doguwa ita kaɗai a ɗakin canza kaya, ta cire takalmi tana matsa ƙafa. Sista ta yi niyyar yin shiru, bakinta ya ƙi.

"Yaushe ne tafiyar, 'yar nan? Ko sai na ji a bakin masu shara?"

Doguwa ta ɗago, ta yi dariyar gajiya. Ta ce ashe Sista ta gano. Gaskiya ne an ba ta aiki a waje, ta yi wata da watanni tana juya abin a ranta, shi ya sa a da take faɗa da kowa. Mijinta ya ce ta tafi, yayarta ta ce ba ta da hankali in ta zauna. Amma ta yanke shawara, kuma tun da ta yanke ta samu natsuwa. Wayar ɗazu ma masu ba ta aikin ne, suna ta lallashi, sun ce ƙofa a buɗe take har ƙarshen mako.

"Na ce musu a'a, Sista. Na ce ina da uwar ɗaki da ta yi mini alkawari, ba zan bar ta ita kaɗai ba. Shi ya sa nake koya wa yaran nan hannu, don in na hau kujerar kada gadaje su rasa mai su."

Kunya ta rufe Sista har ta rasa inda za ta sa idonta. Tana neman ta inda za ta fara ke nan aka banko ƙofa, Rediyo ta shigo da guɗa, ta rungume Sista tana godiya, tana cewa yanzu Matiron ta tare ta a hanya, ita wallahi ko a mafarki ba ta zata ba.

Doguwa ta dubi Rediyo, ta dubi Sista, ta daɗe tana dubanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta yi wa Rediyo murna, ta sa takalminta, ta ɗaure igiyar a tsanake.

"Ƙanwata, tsaya mu yi magana."

"To, Sista," in ji Doguwa. Amma ba ta tsaya ba.